Taƙi da Ɗani

Na shiga kasuwar Kusiri da takarda a aljihu,
ninki huɗu, ta sha gumi,
takardar fiton motar albasa
da ta kwana uku a bakin gadar Ngeli
saboda sifili ɗaya da ban gani ba.

Sifili bai yi laifi ba.
Yana zaune a gidansa, can ƙarshen layi ta dama,
wayata ce ta yi masa ƙunci.
In na ja da yatsa in ga kai, wutsiya ta tsere,
in na kamo wutsiya, kai ya nutse.
Albasa ba ta jiran mai neman gilashin ido,
ta ruɓe abinta,
Abakar direba ya daina amsa sallamata.

Hamajoda mai shago ya shimfiɗa su kan tebur.
Ya ce, Baba, ga dogo siriri,
in ana ƙwallo a ciki sai ka ji ƙanshin ciyawa.
Na warware takardata, na ce buɗe min irinta.
Da muka tsayar da shi, shafi ya tsuguna a tsakiya,
baƙi sama, baƙi ƙasa,
kamar Lagwan a bazara, ruwa kaɗan, yashi da yawa.
Na ce, wannan duhun ma kuɗinsa zan biya?
Da muka kwantar da shi, rabin shafi ya leƙo,
saura sai an yi ta ja
kamar mai guga a rijiya gaba dubu.

Ya ɗauko ƙarami, inci takwas,
marar nauyi, aljihun jamfa ma ya ishe shi.
Na so shi, ba zan ɓoye ba.
Amma baƙaƙe sun koma tururuwa,
uku da takwas sun zama tagwaye,
ni kuwa idona ya ga damina hamsin da bakwai.

Sai babban, inci goma sha uku.
Kai! Har hatimin jandarma ya fito da haƙoransa.
Na riƙe shi tsawon gaisuwa ɗaya,
wuyan hannu ya fara kai ƙara.
Na tuna acaɓa, da cunkoson gada,
da tsayuwa a rana gaban tagar kwastan
ɗauke da faranti kamar mai tallan gurasa.
Da ya faɗi kuɗin ma, na ajiye shi a hankali
kamar jaririn wani.

Zan tafi ke nan ya sunkuya ƙarƙashin kanta,
ya zaro wani mai tabo a kusurwa.
Ya ce, wannan huɗu bisa uku ne, ya kwana biyu a nan,
samari sun ce fim ba ya cika shi.
Ban san huɗu bisa uku ba.
Na ɗora hannu: tsawo taƙi, faɗi ɗani.
Ya buɗe shafin.

Shafi ya shiga ya zauna ya miƙe ƙafa,
kafaɗa da kafaɗa, ba a rage masa komai ba.
Ƙwarya ta bi ƙwarya.
Ga suna, ga nauyi, ga lambar mota,
ga sifilina can a dama,
yana kallona ba kunya.

Mun ja ciniki har aka kira la'asar.
Ya ce albarka sau uku, na huɗu ya yi dariya,
ya ƙara min da jaka mai zik ɗin da ba ya rufewa.

Yanzu da dare 'yata Dudu takan are shi,
ta dawo da shi tana tura baki:
Baba, fim ɗin baƙi sama, baƙi ƙasa.
Nakan ce, kowa da inda duhunsa yake faɗawa.

Da safe ina gindin darbejiya kusa da gada.
Jiya Abakar ya tsaya, bai yi sallama ba,
ya dai miƙo takarda ta taga,
ya ce, duba min layin ƙarshe.