Bene Biyar, Bututu Ɗaya

Ƙarfe uku na dare, ruwa na dukan rufin Porto,
magudanar banɗaki ta yi gyatsa.
Deolinda ta taɓa ni: "Amilcar, kana jin warin?"

Na sauke ƙafa, silifas ɗina na iyo.

Abin da bene biyar suka kora a ɓoye
ya zo mana baƙunta ba sallama.
Na kashe babban makunni,
na hau matakala da fitilar waya,
ƙofa-ƙofa ina roƙo:
kowa ya riƙe cikinsa,
kada a kora ruwa sai safe.

Dardumar mahaifiyata ta sha ta ƙoshi.
Muka naɗe ta kamar gawa,
ni a kai, Deolinda a ƙafa.

Da hantsi mai gyaran famfo ya zaro
daskararren man kifi, tsumma, kan 'yar tsana.
Ba wanda ya ce nasa ne.

Tsoho Teodosio na hawa na huɗu,
da muka shekara shida muna gaba
a kan wurin jingine keke,
ya sauko da takalman roba da jarkar bilic.
Ko sannu bai ce ba.
Ya zare tsintsiyar daga hannuna,
ya fara ta lungun da ya fi ɗoyi.