Sikelin Jhorna

A Khulna, bayan ɗakin cin abinci na kwaleji,
Jhorna ta rataye sikeli a reshen mangwaro.
Duk wanda ya ƙoshi, ya juye ragowarsa a bokiti.

Ranar farko, kilo arba'in da ɗaya.
Ta rubuta da alli a jikin ƙofa,
ba ta ƙara ko uffan ba.

Inna Rehana mai girki ta riƙe haɓa:
"Shekara ashirin ina zubar da shinkafar nan,
ban taɓa sanin tana da nauyi ba."

Tuhin ya ce a kafa fitila mai cin rana,
Mithu ya ce a'a, kekuna.
Suka yi ta musu har shayi ya huce,
ita tana can tsugune, tana cakuɗa ɓawon ayaba da ƙasa.

Sai damina ta sauko da fushi.
Ruwa ya hau matakala uku,
ya lashe allin, ya jiƙe littafin lissafi.

Da safe Inna Rehana ta miƙo sabon alli:
"Jiya sha tara ne. Na riƙe a ka."

Can bisa rufi, cikin tsohon bokiti,
kabewa ta fara miƙa hannu.