Lalle a Kan da Babu Gashi

Daga Mai Wurno zuwa Madani
motar Ɗan'azumi kan tashi tun kafin assalatu.
Takardar wuce shinge na cikin rigata,
hatimi biyu a jikinta,
ɗaya na asibiti, ɗaya na masu kulle gari.
Sojan bakin hanya ya haska fuskata,
rabi takunkumi, rabi ido,
ya ce, wuce, Allah ya sauwaƙe.

Shekara ashirin da biyu ina zana hannun amare.
Na san tafin kowace yarinya a unguwarmu,
na san wadda ke gumi, na san mai jin cakulkuli.
Sai annoba ta zo ta naɗe tabarmin biki,
a watan nan kuma sankara ta shigo ba sallama
ta zauna a nonona na hagu.
Baƙi biyu, tukunya ɗaya.

A ɗakin ƙarin ruwa da kujera takwas ce,
yanzu huɗu, an ja su nesa da juna
kamar masu gaba.
Ba a shiga da ɗan rakiya.
Bushira na waje, gindin darbejiya,
riƙe da kisira da ba zan iya haɗiya ba.
Sista Ihlas ta ɗaura mini jan ruwan nan,
launin zoɓo, ɗanɗanon tsatsa,
yana ɗiga, ina ƙirga, ina ɓata lissafi.

A zagaye na uku yatsuna suka daina jin magana.
Kamar hannun wata aka ara mini.
Na kwaɓa lalle, na huda bakin leda,
na ja layi a tafin hagu,
layin ya tafi yawonsa kamar akuyar da ta tsinke.
Ban yi kuka ranar da likita ya faɗi sunan ciwon ba.
Ranar nan na yi.

Duk da haka hannu bai san zaman banza ba.
Na koma bayan kwalin magani da biro,
fure ɗaya, kwana uku.
Batul ta Manakil, mai kujerar da ke kallon tawa,
takan ɗaga gira, in ɗaga mata kwalin.
Ta ce in an buɗe gari zan yi wa autarta.
Na ce har gwiwar hannu, kyauta.
Talata biyu a jere kujerarta ba kowa.
Ko tarin ne, ko namu ciwon,
ban tambaya ba.
Kwalin yana ƙarƙashin filona.

Gashi kuwa bai yi gardama ba.
Ya bi mataji, ya bi ɗankwali, ya bi ruwan wanka,
har kaina ya zama ƙwarya sabuwar fafa.

Wani dare da aka ɗauke wuta,
iska na tasowa daga bakin kogi,
Bushira ta zo da ledar da na jefar.
Ta ce, Inna, sunkuyo.
Na ce, ke, wa ya taɓa yi wa kai lalle?
Ta ce, wa ya taɓa ganin shekara irin wannan?

Sanyinsa ya fara daga goshi.
Ina jin numfashinta, ina jin inda take rawa,
ina so in ce rage hannu, kin cika ruwa,
na kama bakina.

Da safe muka haɗa madubi biyu.
Ga furena, ga ganyen da na koya mata,
ga kuma, can bayan kunne,
wani ɗan kifi mai karkataccen wutsiya
da ban taɓa koya wa kowa ba.

Saura zagaye biyu.
Likita bai yi mini alkawari ba, ni ma ban roƙa ba.
Talatar nan, in Sista Ihlas ta zo neman jijiya,
zan zame ɗankwali kaɗan
in nuna mata kifin
kafin ya dushe.