Gansakuka a Kan Ƙusa

Ranar wata Talata Barira ta zo Katako
da jakar leda da tsanin aro,
ta ratso layin masu fasa batir,
ta tsaya a rumfata ta yi sallama.
Ta ce daga jami'a take, ƙetaren kogi,
tana neman izinin rataya wani abu
a ƙusar da nake rataya hulata.

Na ce mu gani.
Sai ta fito da ɗan ƙunshi cikin raga,
bai fi ƙwallon goruba ba.
Na sunsuna, na kwashe da dariya:
gansakuka ce!
Wadda Inna ke kankarewa daga gindin randa,
wadda ke kayar da mutum a bakin rijiya,
yau ita ce ta shiga jami'a,
mu muna nan muna fasa batir?

Barira ba ta yi fushi ba.
Ta ce, "Baba, ba ta da saiwa,
ba ta roƙon ƙasa komai.
Abin da iska ta kawo shi take ci,
abin da ta ci kuwa ba ta amayarwa.
Kwana arba'in zan bar ta a nan
ta shaƙi abin da kuke shaƙa."

Kwana arba'in muka yi maƙwabtaka.
In na hura wuta tana bisa kaina.
Dalma ta narke cikin kasko
tana ƙyalli kamar wata ya faɗa kwano,
hayaƙi ya tashi mai ɗan zaƙi a harshe,
ni in ja nawa, ita ta ja nata.
Nomau, yaron shagona, ya sa mata suna Malama,
in an kawo shayi sai ya ce ko a zuba mata.
Ta zo da launin ɗanyen lalle,
ta tafi kamar jakin da ya yi birgima a toka.

Ashirin da huɗu aka rataya cikin Yamai.
Akwai ta Wadata, inda motoci ke tari,
akwai ta Gamkalle kusa da majema,
akwai wata can Gudel cikin lambu
inda iska ke wanka kafin ta shigo gari.
Aka tattara su, aka busar, aka ƙona,
aka sa na'ura ta tambayi tokar.

Wata uku, sai ga Barira da takarda,
taswirar gari an ɗiɗɗiga mata launi.
Gudel kore. Wadata rawaya.
Ta ɗora yatsa kan wani ɗigo ja.
Ban yi boko ba, amma na san kwanar nan,
na san ƙusar nan.

Ta ce dalma. Ta ƙara wasu sunaye biyu
da bakina ya ƙi ɗauka.
Na tuna murɗar cikin da na ɗora wa tuwon dare,
da hannun daman da ke sakin guduma,
da Nomau, shekara uku a aji guda,
ina ce masa daƙiƙi gaban mutane.

Ban rufe shago ba, kada in yi ƙarya,
baki tara ke jiran kaskon nan.
Na dai mai da Nomau wurin ƙanena mai ɗinki,
na daina shiga gida da rigar aiki,
na sayi sabulu na ajiye gefen buta.
Ɗan ƙanƙanin abu ne, na sani.

Da za ta tafi na ce, "In da saura, bar mini ɗaya."
Ga ta can a ƙusa, hula ta koma kan benci.
Da sassafe kafin in hura wuta
nakan ɗaga kai mu gaisa,
ita da ba ta da ƙafar gudu,
ni da nake da ita, ban da wurin zuwa.