Tulun Baltazar

A shekarar da sojoji suka hawo duwatsun Nebaj
ubana, Baltazar Cedillo, ya yi wa littattafai uku jana'iza.
Ba makara, ba mai kuka.
Ya naɗe su a jan zanen uwata mai hoton tsuntsaye,
ya cusa a tulun da muke jiƙa masara,
ya toshe bakin da kakin zuma,
ya ce, "Feliciana, ƙirga taku daga gindin fiya."
Na ƙirga goma sha ɗaya. Shekarata tara.

Kwana shida bayan haka aka tafi da shi,
takalmi ɗaya a ƙafarsa.
Ɗayan yana nan. Irin wake nake ajiyewa a ciki.

Shekara arba'in ban tona ba.
Na shuka a kai, na girbe, na sake shukawa.
Bana ruwa ya zaftare gefen gonar,
jikana Jacinto ya ƙwala kira: "Kaka, ga bakin tulu!"
Na auna da ƙafata ta yau, taku bakwai.
Ƙasa ba ta gusa ba, ni ce na girma.

Na farkon mai kauri ne, na tauhidi,
aron da Fada ya ba shi, bai dawo karɓa ba.
Danshi ya manne shafukan kamar tubali.
Jacinto ya lallaɓa da bakin wuƙa, ya buɗu a tsakiya,
inda malamai suka cika shafi talatin
suna ja-in-ja kan yadda Ɗaya yake Uku.
A gefe, da fensir, rubutun ubana mai kama da sawun kaza:
"Duwatsun murhu uku, tukunya ɗaya.
Zare guda ka ga ko yara za su ci."

Na biyun tarihi ne.
Tulun ya tsage, gara ta samu ƙofa,
ta cinye gwamnoni, ta cinye jiragen ruwa,
ta ci rabin wani bishop ta bar hularsa.
Mu ba ta ci mu ba, don ba ma ciki.
Sai a farar takardar ƙarshe
ya jera mutanenmu da aka kwasa a motar kaya
zuwa gonakin kofi na bakin teku:
suna, da abin da sikeli ya ce,
da abin da gadon baya ya ce.
Ba layi ɗaya da lissafin biyu suka yi daidai.

Na ukun shi ne siriri, marar bango,
wanda ke zancen haƙƙin ɗan ƙwadago
da gumin da Almasihu bai yarda a sace ba.
Shi ne wanda in an gan shi a ɗakinka, ka gama yawo.
Na sa hannu in ɗauko shi,
na ɗebo baƙar ƙasa mai laushi.
Saiwar masara ta bi ta tsagar,
ta ratsa shi tun daga farko har ƙarshe.

Jacinto ya ce, "Kash, wannan ya tafi."
Na ce, "Yaro, me kake tsammani ka ci da safe?"

Wasu sun zo daga babban birni da safar hannu,
suna so su sa sauran a akwatin gilashi.
Na ba su kofi, na ce su dawo baɗi.

Ran Lahadi, da aka taso daga coci,
Jacinto ya tsaya a kan matakala yana karanta sunayen.
Masu sayar da tumatir suka yi shiru.
A na goma sha huɗu tsohuwa Engracia ta ɗaga sanda:
"Ba haka ake faɗinsa ba. Ƙanena ne.
Sake."

Ya sake.