Riguna Goma Sha Biyu

Ni ba na jefa ƙwallo a kwando.
Dorinda nake, mai wanki,
wadda ke shiga bayan an kashe fitilun zaure
ta tsince abin da wasa ya zubar.
A nan gaɓar tekun Galisiya,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo,
riguna goma sha biyu nake riƙo,
shuɗɗa, da hoton sardin a ƙirji,
don masu kifin gwangwani ke biyan kuɗin bas.

A Oktoba suka zo mini da ƙamshin leda.
Wasa huɗu muka ci a jere,
har mai gidan burodi ya haddace sunan Uxia,
har masunta suka riƙa shigowa da takalman roba
suna yi wa alƙali ihu
kan dokokin da ba su sani ba.

Lamba bakwai ta Sabela ce, kyaftin.
Tata ta fi kowacce wuyar wanki:
gumi a baya, nono a gaba.
Ɗanta wata biyar.
Na gan ta a kujerar ƙarshe, tafiyar awa tara,
hannu ɗaya na tatsa a kwalba,
ido na kan bidiyon abokan karawa.

Disamba ta zo hannu rabbana.
Albashi ya makara, ya sake makara.
Latrice, Ba'amurkiyar da ke zuba mana maki ashirin duk dare,
ta ninke lamba ashirin da uku da kanta,
ta aza kan injin wanki,
ta rungume ni har ƙashina ya amsa,
ta bi jirgin Turkiyya.
Ban ga laifinta ba. Tafi ba ya biyan haya.

A Janairu gwiwar Iria ta yi ƙara.
Daga ƙofar ɗakin wanki na ji,
kamar an taka busasshen reshe.
Zaure ya yi tsit.
Ƙwallon kaɗai ya ci gaba da tsalle a kan katako,
shi ma ya ji kunya, ya kwanta.
Duk mako ina wanke lamba huɗu
ko da ba mai sa ta,
kada ta dawo ta tarar da warin akwati.

Sau bakwai muka sha kashi, ba hutu.
Koci Amaro ya bar gemu ya yi abin da ya ga dama.
Ku tambaye ni, ni na san bambancin:
gumin nasara gishiri ne kawai,
na faɗuwa tsami gare shi,
sai an jiƙa ya kwana.

Afrilu. Wasan ƙarshe.
In mun faɗi, mun gangara rukunin ƙasa,
masu sardin su janye hotonsu.
Saura sakan uku, kunnen doki,
manya sun cika laifi sun koma benci,
alƙali ya miƙa ƙwallo ga Xiana,
'yar sha takwas,
wadda rigarta ke dawo mini tsaf duk kakar nan,
don zama ba ya sa gumi.

Jifa biyu.
Na farko ya zaga bakin ƙarfe
kamar baƙon da ke neman lambar gida,
bai samu ba, ya fita.
Na biyu ban gani ba.
Tawul na danna a fuska.
Ƙarar takalman roba ce ta faɗa mini.

Ba kofi. Na goma sha ɗaya muka ƙare,
mataki guda a saman rami,
amma an buga ƙararrawar coci kamar ranar biki.

Da dare na ƙirga abin da ke cikin kwandona,
kwandon da bai taɓa ba kowa maki ba.
Sha ɗaya.
Na sake ƙirgawa, na leƙa ƙarƙashin benci.
Da safe uwar Xiana ta bugo waya:
yarinyar da rigarta ta kwana,
har yanzu ba ta yarda ta cire ba.

Na ce a bar ta.
Sabulu na nan har Oktoba.