Sittin da Uku

Daren Laraba ta roƙe ni,
farin rubutu a kan shuɗin allo,
wai in bar ta ta sabunta kanta.
Na ce Allah ya ba da sa'a. Na danna, na tafi alwala.

Na dawo na tarar da ɗige-ɗige
suna bin juna kamar 'yan tsaki a akurki,
a ƙasa an rubuta kada a kashe ta.
Ni na ji. Nepa ce ba ta iya karatu ba.
Daidai kashi sittin da uku
Gwallameji ta yi dulum,
batir kuwa tun azumin bara ya riga mu gidan gaskiya.

Da asuba na kunna, ta farka,
ta dube ni, ta koma.
Ta sake farkawa, ta sake komawa,
sittin da uku, sittin da uku,
kamar mai jan carbi da ya manta inda ya tsaya.

A cikinta akwai babi biyar na Rifkatu,
binciken cutar gyaɗa a gonakin Dass,
shafi casa'in da na buga da yatsun nan.
Jibi za ta tsaya gaban malamanta.
Ta kira sau huɗu, wayar na kife.

Keke ya sauke ni Wunti.
Shagon Gambo bai fi tabarma biyu ba,
gawarwakin kwamfutoci har rufi.
Bai gaishe ni ba, ita ya gaisar:
ya kara kunne a cikinta, ya shinshina ƙugunta.
"Kin kwafe kayanki a wani wuri?"
Na dubi silifas ɗina.
Ya ce, "Hajiya Larai, ba a fafe gora ranar tafiya."

Ya danne madanni har ta suma, sau uku.
Ya zare linzami, ya zare caja, ya mayar.
Ya shiga ta ƙofar baya, ta tura masa ƙyaure.
Sai ya ciro 'yar filasha daga aljihu,
ba ta kai ɗan yatsa ba,
ya ce a aron ranta za ta tashi.

Ya ce, "Ba mutuwa ta yi ba, ƙaura ce ta tsaya.
Ta kwashe kaya daga tsohon gida,
sabon ba a yi masa rufi ba."

Ban tanka ba.
Ginin babanmu na tuna a Fadaman Mada,
shekara tara yana tsaye a linta,
tagogi a buɗe, tunfafiya a falo.
Shi ma tsakiyar aiki aka ɗauke masa wuta.

Na fita na sayi masa, ta huce a leda.

Wajen la'asar ya yafito ni.
Ga su nan suna ƙetarawa ɗai-ɗai
kamar awaki a kan siririyar gada:
babi na ɗaya, na biyu,
hoton sunan 'yata, rasit ɗin haya,
babi na huɗu ya ɗan yi turjiya, ya wuce.
Na biyar rabinsa ya zo.

"To, mu ƙarasa ta, ko mu mai da ita yadda take?"
Na ce da tsohuwar zuma ake magani.
Ya yi dariya, ya ce wata rana dai sai an ƙarasa,
amma a sayi batir tukuna.
Dubu huɗu ya ce, na ba da uku da masar.

Yanzu sha ɗayan dare, janaretan maƙwabta na tari.
Rifkatu na gefena da takardunta na hannu,
tana karantawa, ina bugawa.
A kusurwar allo ƙaramin saƙo ya leƙo,
da ladabi, yana tambaya
ko yanzu na shirya.